Kujerar Mai Saye

Shafi na 14

Assalamu alaikum. Na karanta saƙonninku, na masu yabo da na masu faɗa, na kuma gode da duka biyun. Ga wanda ya riske mu yau: Raliya ce ke riƙe da cinikin turaren wuta na gidan mahaifiyarta, Inno, a unguwar Birni ta Zinder. Yau bayan la'asar za ta zauna da Madam Ummul Khairi, mai kantuna a Yamai, wadda ke son ɗaukar turaren gidan a kai a kai. Abin da mutanen gida ba su sani ba shi ne, tun farkon rani Madam ta yi wa Raliya tayin aiki a Yamai, kuma a zaman yau take son jin amsa.

*

Da hantsi Raliya ta sa aka fito da kujerar ƙarfe, aka ajiye ta ƙarƙashin rumfa. Ta ce wannan ita ce kujerar mai saye, duk wanda ya hau ta ya zama Madam, ita kuma za ta gwada bakinta a kansa kafin la'asar.

A cinyarta akwai littafin da ta sa wa suna Jagoran Ciniki. Rani guda ta kwashe tana haɗa shi. Ta zauna da dillalan Kasuwar Dole, ta bi tsofaffin da suka yi fataucin Kano da Agadas har zaurukansu, ta gauraya abin da suka ba ta da abin da ta karanto a jami'a. Duk dabarar da ta gwada ta ci, ta bar ta. Wadda ba ta ci ba, ta soke.

Khalid ne ya fara hawa kujerar. Ɗan Gwaggo Tani ne, ƙanwar mahaifin Raliya, don haka taubashinta ne, kuma bai taɓa barin damar tsokanarta ta wuce shi ba. Ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"To, Madamwazel, ina jin ki. Ki yi sauri, jirgina na jira."

"Madam a mota ta zo."

"Tawa Madam ɗin jirgi gare ta."

"Gwaggo, ki yi wa ɗanki magana."

Gwaggo Tani tana gefe tana tankaɗe garin kajiji. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Babu ruwana. Ke kika ɗora shi."

Raliya ta haɗiye fushinta, ta yi gaisuwa, ta jawo kasko ta zuba turare kan garwashi. Haka shafin farko ya ce: kada a ambaci kuɗi sai hayaƙi ya shiga tufafin mai saye.

"Ya yi tsada," in ji Khalid.

"Ban faɗi kuɗin ba tukuna."

"A fuskarki na gan shi. Amma shi ke nan, na saya. Ki ɗaure mini duka, har da mai sayarwar. Dama baiwata ce, in kai ta Yamai ta yi mini wanke-wanke."

Gwaggo ta yi dariya. Raliya ba ta yi ba. Wasan ya taka inda take ɓoyo.

Tun da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder, wato Damagaram, suka kai shi Yamai a shekarar 1926, kusan duk gidan Damagaram da ya sa ɗa a lakwal, wato makarantar boko, ya san wannan rana, ranar da hanyar yamma za ta kira shi. Raliya ta daɗe da sanin tata za ta zo. Tana son aikin. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda za ta nemi iznin macen da ba ta taɓa yi mata magana kai tsaye ba.

Ta rufe littafin.

"Khalid, in ba za ka matsa mini ba, ka tashi. Ka san halina. Da an tsare ni da ido an jefo tambaya mai nauyi, sai bakina ya mutu. Ba dariya na zo nema ba."

Daga can bakin murhu, inda Inno ke juya itacen hawi cikin sukari a babbar tukunya, murya ta taso, a hankali kamar kullum.

"Tani, ki ce wa ɗiyarki gaskiyarta ce. Mai saye ba ya washe haƙora haka."

"Kin ji," in ji Gwaggo, ko da yake tsakanin uwar da 'yar bai fi tsawon tabarma ba.

Raliya 'yar fari ce. Yaran yanzu da suka tashi a manyan birane za su ɗauka ƙiyayya ce, alhali kunya ce, irin ta mutanen da. Inno ba ta taɓa kiran sunanta ba. Da aka yaye ta, Gwaggo Tani aka ba riƙonta, tun daga nan kuma sunanta a bakin Inno ɗiyar Tani. Ranar da aka faɗi sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, da Raliya ta ci, unguwa ta cika da guɗa, Inno ta ci gaba da juya tukunyarta kamar ba ta ji ba. Da yamma sai ga kaza dafaffiya an kai ɗakin Gwaggo, da saƙon cewa wai ta yi yawa a tukunya.

Inno ta sauke tukunyar. Ta wanke hannu, ta goge da gefen zane, ta gyara mayafinta. Sannan ta tako har gaban kujerar.

"Khalid, tashi."

Ya miƙe da sauri har takalminsa ɗaya ya fita.

Ta zauna. Ta daidaita bayanta, ta ɗora hannuwa kan gwiwa.

"Tani, ki ce wa ɗiyarki, wadda ke kan kujerar nan ba matar gidan nan ba ce. Baƙuwa ce daga Yamai. Baƙuwa kuwa tana magana da wanda ta ga dama."

Gwaggo ta ajiye rariyar. Wannan saƙo ba ta isar da shi ba, ta manta.

Inno ta ɗaga ido ta dubi Raliya a fuska.

"Ke ce Malama Raliya?"

Raliya ta ji sunan kamar na wata. Ashe haka yake fita daga wannan baki, da ɗan jan harshe irin na Barebari.

"Tambaya na yi. Ko ba ke ba ce a kira mini ita?"

"Ni ce, Madam. Sannu da zuwa. Yaya gajiyar hanya?"

"Hanyarku ta karya mini baya. Mu je ga magana."

Raliya ta ƙara turare a kasko, ta tura shi kusa da kujerar. Inno ta bar hayaƙin ya ratsa mayafinta, fuska a ɗaure, kamar ba ita ta haɗa shi makon jiya ba.

"Kantunana cike suke da turaren ƙasashen Larabawa. Kwalabensu sun fi naku kyau nesa ba kusa ba. Me zai sa in ba naku wuri?"

Littafin ya ce: kada a kushe kayan wani, a bar naka ya yi magana. Raliya ta ciro gyale daga jaka.

"Nasu yana da kyau, Madam, ni ma ina shafawa. Amma ga wannan. An turara shi, an wanke shi, an shanya a rana. Ki shinshina."

Inno ta kai shi hanci, ta daɗe.

"Ba laifi. To in na ce kowane wata ina son ninkin abin da kuke yi yanzu?"

"Ba za mu iya ba."

"Ki ce me?"

"Bana ba za mu iya ba. Itacen sai ya jiƙu da mai ya kwanta, ba a yi masa gaggawa. In muka yi, mai saye ba mu zai zaga ba, kantinki zai zaga. Bayan damina, in matan garin Dogo sun gama aikin gona sun koma tonon kajiji, za mu ƙara miki rabi."

"Wasu za su ce mini to, nan take."

"Za su ce. Wata na uku za ki neme mu."

Khalid ya dubi mahaifiyarsa, ya ɗaga gira. Gwaggo ta yi masa alama ya yi shiru.

"Ki sayar mini da sirrin haɗin," in ji Inno. "In sa a yi mini a Yamai, ku huta."

"Albarka."

"Ban faɗi abin da zan bayar ba."

"Ko kin faɗa, albarka. Turare muke sayarwa, Madam."

"To zan cire sunan gidanku daga kwalba, in sa na kantina."

"Ki sa naki a sama da manyan baƙaƙe. Namu ya zauna a ƙasa, ko da ƙanana ne."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Inno, ta danne shi.

"Damina na tafe. Daga nan zuwa Yamai tafiya ce ta yini guda a kan mota. In danshi ya shiga kayan a hanya suka dunƙule, wa zai ɗauki asarar, ni ko ku?"

Nan Raliya ta tsaya. Wannan ba ta cikin littafin. Ta ji abin nan da ta sani yana taso mata, mutuwar bakin da ta faɗa wa Khalid. Idanun uwarta na kanta, ba su kauce ba, ba su kuma yi mata sassauci ba. Sai ta tuna shafin da wani tsohon dillali ya sa ta rubuta, tana ganin kamar ba shi da amfani: in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka sa ranar amsa.

"Ban sani ba, Madam. Ba mu taɓa aika kaya da damina ba. Ki ba ni zuwa gobe da safe, in tambayi mai haɗawa."

"Na ba ki."

Inno ta ɗan juya kai gefe, muryarta ta sauka ta koma ta gida.

"Tani, a ce wa mai alƙalami ya rubuta: a liƙe bakin kwalba da kakin zuma, a jera cikin buhun ƙaiƙayi. Haka ake kai shi Kano da can. In an yi haka ya lalace, asarar tamu ce."

Khalid ya ɗauki littafin ya rubuta.

Inno ta dawo da fuskar Madam.

"Kin ce mai haɗawa. Wace ce?"

"Mahaifiyata."

"Wace irin mace ce? Ba na ciniki da gidan da ban san mai shi ba."

A littafin akwai shafi mai suna Labarin Gida, Raliya ta haddace shi. Da shi ta fara.

"Haɗin daga Barno ya zo. Kakar mahaifiyarta ce ta fito da shi daga Kukawa a shekarar 1893, lokacin da Rabeh ya ci garin. Ta iso Damagaram a ƙafa, babu abin da ta tsira da shi sai abin da ke kanta. Daga ita ya bi mata har ya iso..."

"Wannan na tarihi ne. Ita na tambaye ki."

Raliya ta sunkuyar da kai. Sannan ta ɗago, domin littafin ya ce a dubi mai saye.

"Mace ce da ba ta da yawan magana, Madam. Da mahaifina ya rasu, da tukunyar can ta riƙe gidan nan. Hayaƙi ya ci mata ido, likita ya ce ta bari, ba ta bari ba. Shekarun da na yi a jami'a, duk kayan da Gwaggo ta aiko mini, in na buɗe sai in ji ƙanshin hannun da ya ɗaure su. Na san ba na Gwaggo ba ne. Gwaggo daddawa take ƙanshi."

"Ji 'yar banza," in ji Gwaggo, tana share ido da bakin mayafi.

"Ban taɓa samun hanyar yi mata godiya ba. In kin haɗu da ita, Madam, ki gaya mata na sani. Duka na sani. Allah ya saka mata da Aljanna."

"Amin," in ji Khalid, ƙasa-ƙasa.

Inno ta dubi kaskon, ta kai hannu ta gyara garwashin da bai buƙaci gyara ba.

"Na haɗu da ita," ta ce. "Da zan shigo na gan ta a bakin murhu. Mun ɗan taɓa hira."

Ta ci gaba, idonta na kan kaskon.

"Ta ce mini shekarun baya ta yi niyyar kife tukunyar. Mata sun koma turaren kanti, abin da take yi ba ya wuce na biki da suna. Sai wata yarinya ta dawo daga karatu, maimakon ta nemi biro, ofis mai sanyi, ta ɗauki kwalabe a jaka tana bin gidajen mutane cikin rana. Yau matan unguwar nan da yawa da wannan tukunya suke cefane. Ta ce ba ta taɓa sallame salla ba ta sa yarinyar a addu'a ba. Ta ce in da ana faɗa, da ta faɗa tuntuni."

Hawaye ya zubo wa Raliya, ba ta share ba.

"Na gode, Madam."

"Ni me na yi? Saƙo na kawo." Inno ta gyara zama. "Kayanku sun yi mini, zan ɗauka. Saura tambaya ɗaya."

"Ina ji."

"Maganar da na yi miki tun farkon rani. In kin biyo ni Yamai, in ba ki biro, ki riƙe mini sayen kaya na kantunana duka. Na ce yau nake son amsa. Me kika yanke?"

Khalid ya fashe da dariya.

"Inno ta sace mini wasana. Ai ni na fara..."

Ya ga fuskar Raliya, sai dariyar ta tsaya masa a wuya.

"Wace magana ce wannan?" in ji Gwaggo. "Raliya, wace magana ce?"

Raliya ba ta dubi kowa ba sai mai kujerar.

"Wa ya gaya miki?"

"Ni da na yi tayin, sai an gaya mini?"

"Don Allah."

Inno ta numfasa.

"Babu wanda ya gaya wa uwarki. Ido gare ta. Ta ga ranar da aka kira ki a waya daga Yamai, kika fita zaure, kika dawo ba ki ci tuwo ba. Daga ranar kika fara koya wa Zara, cikin 'yan matan da ke taya ku aiki, amsa waya. Kika koya wa Fatsuma awo da liƙa takarda. Duk abin da ke kanki kika bi shi kina zubawa a littafi, yadda ko ba kya nan wata za ta buɗe ta yi ciniki. Ta ce littafin ya yi kyau, ta sa an karanta mata shi tun daga farko har ƙarshe. Ta ce amma ita ma mace ce, ta taɓa barin gidansu. Ta san yadda ake kimtsa ɗaki in za a tafi."

Gwaggo Tani ta zauna sosai a ƙasa, ta rafka tagumi.

"Ni da na goya ki, ban gani ba."

"Ki yafe mini, Gwaggo. Na rasa ta inda zan fara."

"Madam na jira," in ji Inno.

Raliya ta goge fuskarta. Ta ɗauki littafin daga hannun Khalid, ta dube shi, ta ajiye a kan tabarma. Babu shafin da zai yi mata wannan.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Madam. Ina son aikin. In ina can, turaren gidanmu ba zai tsaya a kantunanki kaɗai ba, kuma akwai matan Mirriya da na Tirmini masu kayan da ba su da mai kai musu. Na kuma san idon mahaifiyata kullum raguwa yake, kuma haɗin bai gama shiga hannuna ba. In na tafi, ban san hannun da zai karɓa ba. Kullum da waɗannan biyun nake kwana."

"To?"

"To ba ni da amsar da zan ba ki. Ba zan taka mota ba, ba kuma zan ce miki a'a ba, sai na ji daga bakin uwata. In ta ce tafi, in tafi da farin ciki. In ta ce zauna, wallahi in zauna da farin ciki."

"Sai ki tambaye ta."

"Daga bakinta na ce, Madam. Ba ta bakin Gwaggo ba, ba ta bakin baƙuwa ba." Muryarta ta karye, ta tattaro ta. "Ita kuwa ba ta magana da ni."

Garwashin kasko ya yi toka, hayaƙin ya sirance. Daga lungu ana jin mai ruwa yana tura kurarsa cikin yashi.

Inno ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta kama kujerar da hannu ɗaya, ta ja ta gefe, ta juya fuskarta ga bango.

Gwaggo ta yunƙura, irin yunƙurin da ta saba tun Raliya na goye.

"Faɗa mini, Inno, in faɗa mata."

"Tani, Allah ya biya ki. Yau ki huta."

Ta juyo. Babu kujera a ƙarƙashinta, babu Madam a fuskarta. Leɓunanta suka motsa sau ɗaya, sauti bai fito ba. Ta sake.

"Raliya."

"Na'am, Inno."

"Taso. Shigo ɗakina, ki rufo ƙofar."